Abin da Ke Shanye Wutar Babur

Tudun Baushi, ta Kiyeshe
12 ga Yuli, 1957

Zuwa ga ɗana Illo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yan'uwanka soja da ke can Aljeriya. Yaya ƙafar da ka ce tana yi maka ciwo? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, hatsi ya fara rufe ƙasa. Ni dai jiki ya ƙi. Gwiwoyi ba su kai ni masallaci sai da sanda, hannu kuma ga shi kana ganin yadda yake rawa. Da malamin da ya koya mini rubutu a lakkwal, makarantar Nasara ta Dosso, zai ga layin nan, da na sha bulala da furfurata.

Mai ɗakinka tana lafiya, cikin ya fito sosai. Ba da bakina na tambaye ta ba, ka san wannan ba ya yiwuwa. Ajuma maƙwabciyarmu ce ke shiga tsakani, ita ke kawo mini tuwo zaure, ita ke kai mata saƙona. In na fito tsakar gida yarinyar ta shige ɗaki, in ta fito na juya fuska ga bango. Tarbiyya ce, ban ce komai ba. Amma tun da uwarka Hure ta rasu, sai rana ta fito ta faɗi ban yi magana da kowa ba in ba Ajuma ba, ita kuwa ba ta zama.

Surukarka ta zo daga Lugu, ta kwana biyu. Ta so ta tafi da ɗiyarta, na hana, na tuna mata abin da ka bari: haihuwa biyu aka yi a can, duka biyun an rufe su ran da suka zo, ta ukun nan a hannun ungozomar likita ta Dutsi za a yi ta. Ta zo da ƙulle-ƙulle na iskokin gidansu. Na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, na ce kada in ga an rataya mini ko ɗaya. Ta tafi ba ta yi mini sallama ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Babur ɗinka ya fara ba mu tsoro. Ka san shi ne dukan dabararmu. Ungozomar ta ce ƙugun yarinyar bai da faɗi, da zarar naƙuda ta taso a je a ɗauko ta, kada a jira. A kan babur, yanzu da ruwa ya danne yashi, Gado abokinka zai je ya dawo da ita kafin a sauke tukunya. A kan doki kuwa yini ne.

To, ran Laraba Gado ya zo tayar da shi kamar yadda ka umarta, ya buga, ya buga, shiru. Ya kunna fitila, ko ja ba ta yi ba. Ya danna oda, sai wani ɗan nishi kamar na tsohuwar tunkiya. Muka tara samari aka tura, amma ƙananan ƙafafun nan nasa ba su son turi a ƙasarmu, kuma irin naka ba ya kamawa in batir ya mutu ɗungum. Gado ya share zufa ya ce, "Baba, jakin Nasara ya fi namu taurin kai. Namu ko da sanda yana tashi."

Tun kafin wannan, ran da surukarka ke nan, na taɓa buɗe murfin gefe na nuna wa Gado batir ɗin, na ce masa ya kula da shi fiye da komai, don shi ne zuciyar babur, in ya tsaya komai ya tsaya. Ga shi bakina ya kama. Gobe zai ɗaure shi a kan jaki ya kai wa Jibo makanike a garajin Dutsi.

Kada hankalinka ya tashi, da sauran lokaci. Ka riƙe salla, ka riƙe kanka. Ajuma da Gado suna gaishe ka.

Mahaifinka,
Mani tsohon tafinta

*

Tudun Baushi
30 ga Yuli, 1957

Ɗana Illo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina sanar da kai takardarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Gaisuwar da ka sa wa mai ɗakinka na faɗa wa Ajuma, ta kai. Ta ce yarinyar ta rufe fuska da zane, amma ranar ta yi waƙa a bakin turmi.

Zancen batir bai ƙare ba. Jibo ya ɗura masa wuta, ya ajiye shi a garaji ya kwana uku, ya gwada da ƙwan fitila, haske tar. Ya aiko Gado ya ce mini, "Ka gaya wa tsoho batirinsa ya fi shi lafiya." Aka dawo da shi aka ɗaura, babur ya tashi bugu ɗaya. Na yi murna har na sa aka ba Gado goro. Washegari ya yi nauyi, wanshekare ya mutu.

Sai Jibo ya ce ko ruwan cikinsa ne. Ya tambaya ko mun taɓa ƙara masa ruwan rijiya, don rijiyoyin nan namu na fadama duk kanwa ce. Ba mu taɓa ba. Duk da haka na wanke farantin uwarka mai fenti, na ajiye shi a fili nesa da indararo, na tari ruwan sama mai tsabta, muka cika masa har ya rufe ƙarafan ciki. Bai hana ba.

Jibo da kansa ya zo ran kasuwar Kiyeshe, Allah ya saka masa. Ya tayar da babur da batirin garaji, ya duba dinamo, ya ce yana ba da wuta daidai. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya sami wadda ɓera ya ɗan ci, ya naɗe ta. Ya kankare wani farin gari mai kore-kore da ya taru a kunnuwan batir biyu, ya shafa musu man shanu. Ya sansana ya ce yana jin ƙaurin fata, Gado ya ce ai sirdin ne rana ta gasa. A ƙarshe ya ce mu riƙa cire waya ɗaya daga kunnen batir kowane maraice, ta haka ko da ɓarawon wuta a jikin babur, ba shi da hanya. Ya bar mana batirin garajin aro.

Illo, mun cire wayar. Da hannuna na cire ta. Batirin aron ma ya mutu.

Na yi shekaru ina juya maganar kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan, zuwa Hausa, na ga injin jirgin ruwa a Gaya, na ga na tangaraho, ban taɓa ganin abin da aka raba shi da komai ya kuma zube ba. Ajuma ta tsaya bakin zaure tana dariya ta ce, "Tafinta, kai da ka iya bakin Nasara, tambaye shi mana da Faransanci mi ke damunai." Da ta ga ban yi dariya ba sai ta rage murya, ta ce mutane na cewa iskar nan doguwa ce ke hawansa in gari ya yi shiru, ko in bari a kira masu bori su duba. Na kore ta da sanda. Daga baya na yi nadama, don ranar tuwona ya zo a makare kuma ba wanda ya zauna ko na ɗan lokaci.

Na roƙi matar Jibo ta sauki mai ɗakinka a gidansu a Dutsi, kusa da likita, ta yarda. Yarinyar ta aiko cewa ta ji, amma a bari watan haihuwar ya kama, don kunya take ji ta zauna wa baƙi a ka tun yanzu. Ajuma ta ƙirga ta ce da sauran wata guda cur. Na so in matsa, to ta yaya mutum zai matsa wa wadda ba ya iya kallo?

Babur yana nan a rumfar da ka yi masa, jikin ɗakinku. Da rana nakan ja kujera in zauna kusa da shi in mai ɗakinka tana wurin daka. In rana ta faɗi ba na taka wannan gefen, ka sani.

Allah ya tsare ka daga harsashi, ya dawo mana da kai.

Mahaifinka,
Mani

*

Tudun Baushi
14 ga Agusta, 1957

Ɗana Illo,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da gajartar wannan, zazzaɓin damina ya kama ni, ina rubutu ne a kishingiɗe.

Albishir ɗan kaɗan. Gado ne ya kawo shawarar, ya ce, "Baba, tun da a Dutsi yana kwana lafiya, a nan yana mutuwa, mu canza masa makwanci mu gani. Ko shi ma kaɗaici ke damunai." Muka ciro batir ɗin ɗungurungum bayan an cika shi, muka ajiye shi a ɗakina, a kan ɓawon itace, kusa da kaina. Ya kwana, ya kuma kwana, ya yi mako. Muka mayar, bugu ɗaya. Ban san dalili ba har yanzu. Jibo ya ce wataƙila raɓar rumfar ce. Ni dai na daina neman dalili, tun da an sami hanya. Kowace safiya kafin in yi alwala sai na taɓa masa ƙwan fitila na ga haske, sannan hankalina ya kwanta. Ka yi dariya in ka so, har magana nake yi masa. Shi ne abokin kwanana na farko tun bayan uwarka.

Ajuma ta ce tun da aka ɗauke batir daga rumfa mai ɗakinka ta rage cin abinci, tana yawan tsayawa tana kallon babur. Na ce kewarka ce.

Ran Asabar Gado zai hau shi zuwa Gesheme ya dawo, don Jibo ya ce doguwar tafiya tana ƙara wa batir ƙarfi. In wata ya tsaya kuma za mu kai mai ɗakinka Dutsi a kan amalanke a hankali. Saura ƙiris, Illo. In namiji ne, ka ce a sa masa sunan kakanka Sama'ila, ban manta ba.

Ka yi mini addu'a, ni ma ina yi maka.

Mahaifinka,
Mani

*

Tudun Baushi
20 ga Agusta, 1957

Ɗana Illo,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai ɗakinka ta haihu ran Lahadi, namiji, bai zo da rai ba. Ita tana raye. Ta zubar da jini da yawa, amma ungozoma ta ce za ta tashi.

Gado ya dawo daga Gesheme ran Asabar cikin ruwan sama, a jiƙe, ya tura babur rumfa ya tafi gida, bai ciro batir ba. Ni kuwa zazzaɓi ya rufe ni, ban san inda kaina yake ba. Naƙuda ta taso mata da asuba, kafin lokacinta. Ta danne, ta yi shiru kamar yadda aka koya musu, sai da hantsi Ajuma ta same ta durƙushe. Gado ya zo a guje ya buga babur har takalminsa ya tsinke. Bai tashi ba. Ya ari dokin mai gari. Sai bayan la'asar suka iso da ungozoma a motar garaji. Ta ce da ta zo kafin azahar, da wata magana ake yi.

Na sa an ɗauke ni zuwa maƙabarta. Mun sa shi kusa da uwarka. Na raɗa masa sunan da ka zaɓa, ko da ba a yi suna ba.

Kada ka riƙe Gado a zuciya, ya fi kowa kuka. Akwai sauran magana, amma hannuna ba zai iya yau ba. Allah ya ba ka haƙuri, ya sa mai ceto ne.

Mahaifinka,
Mani

*

Tudun Baushi
9 ga Satumba, 1957

Ɗana Illo,

Gaisuwa da ta'aziyya kuma. Ina fata ka samu wanda ya zauna kusa da kai ran da takardata ta iso. Zazzaɓin ya sake ni, sai rashin ƙarfi. Hatsi ya yi kai, bana za a ci, in ji masu gona.

Na daɗe ina juya wannan magana, ko in faɗa maka ko in tafi da ita kabari. Na ga kai ne mijinta, kai za ka zauna da ita bayan ba ni, gara ka sani daga bakina.

Ran Lahadin nan, da Gado ya ruga neman doki, na rarrafo na isa rumfa. Mata sun cika ɗakin, ba wanda ya kula da ni. Na buɗe murfin gefe don in ga ko waya ce ta kwance. Sai na tarar da laya a kan batir. Ƙaramar laya ce ta jar fata, irin ta Lugu, mai siririyar sarƙa ta maƙera da tsatsa ta ci. An naɗa sarƙar a kunne ɗaya, an ja ta an naɗa a ɗayan, an ɗaure da kyau kamar yadda ake ɗaure wa jariri a wuya. Fatar a jiƙe take da wani jiƙo mai kanwa, gefenta ya ƙone. Ga ƙaurin da Jibo ya ji. Ga farin garin da muka yi ta kankarewa. Ta wannan sarƙa wutar ke bi tana zuba daga kunne zuwa kunne, ko mun cire waya ko ba mu cire ba.

Na kwance ta na sa a aljihu. Ba wanda ya gani.

Sauran na ji shi daga Ajuma bayan kwana bakwai, ba tare da na tambaya ba. Uwarta ce ta bar mata layar, ta ce tun da an hana ta haihuwa a gida, to a tsare abin da zai ɗauko mata taimako, kada iska ta tare shi a hanya. Yarinyar ta ji ni da kunnenta ina gaya wa Gado cewa batir shi ne zuciyar babur. Ta kuma ji ni ina cewa kada in ga an rataya komai. Saboda haka in rana ta faɗi, ta san ba na zuwa gefen, sai ta jiƙa layar ta ɗaura a kan zuciyar. Da asuba ta kwance ta ɓoye kafin mu zo. Mu maza uku muna ta bin wayoyi da yatsa, amsar tana bayan zana, taku kaɗan daga kujerata. Tana jin duk abin da muke faɗi. Ita a ganinta abin da ke kashe batir ya fi ƙarfin layar ne, sai ta ƙara jiƙo. Da na iya cewa, "Ɗiyata, ko kin ga wani abu?" da ta iya cewa, "Baba, ga abin da nake yi," da yanzu ina rubuta maka zancen ragon suna.

Ba wannan ne ya fi yi mini ciwo ba. Ajuma ta ce yarinyar ba ta barci, ba ta ci, tana ta faɗin ita ta kashe ɗanta. Wai don tana kwance layar kowace safiya saboda tsorona, shi ya sa tsarin bai kama ba. Da ta bar ta dare da rana, in ji ta, da babur ya tashi. Surukarka ta zo, ita ma haka ta ce mata.

Na kwana biyu da layar a hannu. In na faɗa mata gaskiya, na ɗauke mata dutse na aza mata wanda ya fi shi. In na yi shiru, ta ci gaba da ɗaukar wanda take ɗauke da shi.

Shekaranjiya da hantsi na ɗauki sandata na ratsa tsakar gida. Ajuma na shanya, ta saki zane ta riƙe baki. Na zauna a ƙasa bakin ƙofar ɗakinku, na ba ƙofar baya, don kada abin ya yi mata yawa. Na kira sunanta. Na ce, "Sa'a." Shekara biyar tana gidan nan, ban taɓa furta shi ba, har ya yi mini baƙo a baki. Na ce mata ni na yi karatun Nasara, na san kayansu, batir ɗin nan tun daga kanti ya zo da ciwonsa, ba laya ba, ba rashin laya ba, ba abin da hannunta ya yi ko ya bari da zai tashe shi ranar. Na ce in akwai mai laifi, tsohon da ya kwanta zazzaɓi ne bai aika a ciro shi ba. Rabin maganar ƙarya ce, Allah ya gani, shi zan ba amsa.

Can na ji kuka, ba irin na ɓoye ba, na sosai. Da ya lafa sai ta ce, "Baba, ka ci abinci kuwa?" Na ce a'a. Ita ta kawo mini da hannunta, ta ajiye, ta zauna daga nesa har na gama. Jiya ma haka. Mutanen gari sun fara magana, su yi.

Abin da nake roƙonka ke nan. In ka dawo, kada wannan magana ta fita daga bakinka, ko cikin faɗa, ko cikin tsufa. Gado bai sani ba, Jibo bai sani ba. Layar na binne ta inda ba za a tone ba. In Allah ya sake ba ku rabo, ka kai ta Dutsi tun cikin yana ƙarami, ka zauna kusa da ita, ka riƙa tambayarta abin da take yi da abin da take tsoro. Kada ka bar wa Ajuma.

Jibo ya sake cika batir bayan an yi bakwai, aka mayar da shi cikin babur a rumfa, tun ranar ba wanda ya ƙara cire shi. Gado ya zo jiya ya gwada, don Jibo na son ya san ko a aiko da sabo daga Yamai. Bugu ɗaya ya tashi. Muka tsaya ni da shi muna jin ƙararsa, ba mu da inda za mu. Na ce ya kashe, kada ta ji.

Sa'a tana gaishe ka. Da bakinta ta faɗa mini.

Ni ne mahaifinka mai jiran ganinka, in da sauran kwana,
Mani